Ba kaina ne da laifi ba, ƙuguna ne: yadda bugun direba ya daidaita min a Jidda

Har gobe raina yana sosuwa idan na tuna shawarar da aka yi ta cusa min tun da na fara wasan golf a nan Jidda: "Kafe kanka, kada ka ɗago." Ƙananan sanduna ba su taɓa wahalar da ni sosai ba. Amma da zarar na ɗora ƙwallo a kan turke na zaro direba, babbar sandar bugun farko, sai ƙwallon ta tashi kamar za ta miƙe, can kuma ta lanƙwashe dama ta faɗa yashi ko ruwa. Duk wanda ke gefe bakinsu ɗaya: ai ka ɗaga kai. Ni kuwa sai in ƙara danne haɓa a ƙirji, in ƙanƙame sanda har jijiyoyin hannu su fito. Ƙwallaye suka yi ta ɓacewa, ga ciwon baya da nake kwana da shi duk ranar da na yi atisaye.

A wani shago aka ce min matsalar daga sanda take, akwai wadda aka ƙera musamman don hana ƙwallo karkacewa. Na zuba riyaloli masu ciwo na saya. Ba ta canza zani ba.

Wanda ya fitar da ni wani dattijo ne da muke haɗuwa a filin atisaye bayan La'asar, Bahaushe haifaffen Makka, Hausarsa cakuɗe da Larabci. Ya koyi wasan ne a gabashin ƙasar, zamanin da ake yinsa a kan yashi, a shafe kewayen rami da mai, kowa yana yawo da guntun tabarmar ciyawar roba da zai ɗora ƙwallo a kai. Ya daɗe yana kallona bai tanka ba. Rannan ya tsaya a bayana, daidai saitin inda nake nufi, ya ɗauke ni bidiyo da wayarsa.

"Ɗana, zo ka gani. Kanka bai yi komai ba. Ƙugunka ne ke gudu."

Ya ɗora yatsa a kan allon wayar, daidai inda mazaunaina suke lokacin da na tsaya. Ya saki hoton a hankali. Ina fara sauko da sanda sai ga rata ta buɗe tsakanin yatsansa da jikina, ƙugu ya turo gaba wajen ƙwallo, gadon baya ya miƙe tsaye. Ɗagowar kan da kowa ke gani ashe bin baya take yi. Ƙugu ne ya fara tashi, kai ya bi. Ni kuma ina ta danne kai alhali ƙasa tana turowa sama, shi ya sa kwankwaso ke shan wuya.

Na ce, "To Baba, mene ne maganin?" Ya jawo jakar sandunana ya tsayar da ita a bayana tana taɓa mazaunai. Ya ce in sunkuya daga mahaɗar cinya, ba daga tsakiyar baya ba, gwiwa a ɗan sake, hannaye su rataya da kansu a ƙarƙashin kafaɗa, haɓa a ɗage yadda kafaɗar hagu za ta wuce ta ƙarƙashinta. Idan na ɗaga sanda, mazaunin dama ya taɓa jaka. Idan na sauko, na hagu ya koma ya ture ta. Shi ke nan. Da farko ji nake kamar zan faɗi ta baya, kuma ƙwallon ma ban fiye samunta ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sakin sanda, wato barin hannaye su juya fuskar sanda ta daidaita lokacin bugu. Na sha karanta cewa mai karkatar da ƙwallo dama ba ya sakin sanda ne, na yi ta ƙoƙarin murɗa wuyan hannu da ƙarfi daidai lokacin bugu, abin yana ƙara dagulewa. Ashe hannayen ba su da hanyar wucewa ne. Ƙugu ya tare gaba, dole su ɗaga su kauce, fuskar sanda ta iso a buɗe. Baba ya fesa farar hoda a fuskar direban ya ce in buga. Duk tambarin ƙwallon a can gefen da ke kusa da mariƙi suka taru, kuma bugun wannan gefen shi kansa yana ƙara wa ƙwallo juyin da ke kai ta dama. Da ƙugu ya koma baya, wuri ya samu, hannun dama ya fara haye na hagu da kansa bayan bugu. Abin da kawai ya ƙara min shi ne in sassauta riƙo, kamar mai riƙe da ɗan tsako, in kuma juya hannun hagu yadda zan ga gaɓoɓin yatsu biyu zuwa uku. Na'urorin auna bugu sun nuna cewa a direba, kusan kashi 85 cikin ɗari na inda ƙwallo ke fara nufa daga saitin fuskar sanda ne, lanƙwasar kuma daga bambancin fuska da hanyar da sanda ta biyo.

Sauran ƙananan gyare-gyare ba su ɗau lokaci ba: ƙwallo saitin dunduniyar hagu, rabinta sama da kan direba, kafaɗar dama ƙasa kaɗan don a same ta sanda tana hawa. Na kuma koma tsohon direbana mai kwanciyar fuska digiri 10.5, wanda aka ce min shi ne matsalar.

Maganar kafe kai kuwa, ku je ku kalli bidiyon Annika Sorenstam, 'yar ƙasar Suwidin da ta ci manyan kofuna 10. Kanta yana juyawa ya bi hanyar ƙwallo tun kafin sanda ta taɓa ta. David Duval ma haka yake yi, kuma ya taɓa zama na ɗaya a duniya a 1999. Me ya sa ake ɗaure wa mai koyo wuya da abin da gwanaye ba sa yi? Ciwon bayan nan da kuɗin sandar nan duk daga can suka samo asali.

Gwajin gaske na yi shi ne a Royal Greens, arewa da Jidda a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdallah, inda aka fara gasar Saudi International a 2019 Dustin Johnson ya lashe. Da yamma iskar Bahar Maliya tana kaɗawa sosai a can, kuma duk ƙwallon da ta fita da juyin gefe sai iska ta ninka mata karkacewa. Bugun farko na ji sautin tsakiyar sanda, ƙwallon ta ratsa iska ta sauka a tsakiyar ciyawa ta yi ta gangarawa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Idan zafi ya yi yawa na gaji, wajen ramukan ƙarshe, ƙugun yakan so komawa halinsa, don haka jaka a baya ta zama farillar kowane atisaye. Yanzu kuma wata sabuwa ta ɓullo: jifa-jifa ƙwallon tana lanƙwashewa hagu. Baba ya ce in mayar da riƙon hagu zuwa gaɓa biyu kacal, in bar ƙirji ya ci gaba da juyawa har ya fuskanci inda nake nufi. A kan wannan nake aiki yanzu.