Lissafin Sabulu da Ruwa

Na fara haɗa kayan tsafta a gida ne tun ranar da na tsaya na karanta ƙananan rubutun da ke bayan wata kwalbar ruwan goge-goge, na ga cewa abu na farko a jerin abubuwan da aka haɗa shi da su ruwa ne. Sai na shiga tunanin cewa mafi yawan kuɗin da nake biya ba na sinadarin da ke cire datti ba ne, na kwalba ne da launi da ƙamshi da kuɗin ɗauko ruwa daga masana'anta zuwa kanti, alhali ruwan nan ina da shi a gida. Daga ranar na buɗe littafi na riƙa rubuta duk abin da na saya da abin da na haɗa da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya ƙare, kuma littafin nan ne ya nuna mini cewa haɗa kaya a gida yana rage kashe kuɗi a wasu abubuwa, a wasu kuma asara ce tsantsa da mutum ba ya gani saboda daɗin cewa da hannunsa ya yi.

Abin da ya kamata in fara sani, wanda sai daga baya na sani, shi ne cewa datti iri-iri ne, kuma kowanne da abin da ke narkar da shi. Maiƙo da dattin jiki da ke manne wa tufafi suna sallamawa ne ga sinadarai na rukunin alkali, irin su sodar wanki da sabulu. Kalmar alkali ɗin nan ba ta da alaƙa da alƙalin kotu, daga wata kalmar Larabci ta fito mai nufin tokar tsirrai, domin daga toka mutanen dā suke samun sinadarin. Farin ɓawon da ruwa ke bari a cikin butar dafa ruwa ko a bakin famfo kuwa ma'adinin kalsiyam ne, shi kuma asid ne maganinsa, kamar ruwan khal wanda yawanci kashi 5 cikin ɗari na abin da ke cikinsa asid ne, sauran ruwa. Kashe ƙwayoyin cuta aiki ne na uku daban, wanda bilic ke yi. Da zarar mutum ya rarrabe waɗannan ayyuka uku, zai ga cewa kwalabe barkatai da ake sayar masa, wannan na tagogi, wannan na tayil, wannan na murhu, kusan duk ɗaya daga cikin ayyukan nan uku suke yi, riga kawai aka sauya musu.

Kuskurena na farko shi ne wanda kusan kowa ke yi. Na zuba bekin soda a cikin ruwan khal, na ga kumfa ta taso tana ƙara, na ɗauka cewa na samu wani haɗi mai ƙarfin gaske, har na cika kwalba biyu na ajiye. Gaskiyar magana ita ce asid da alkali kashe juna suke yi, kumfar nan iskar kabon ce kawai take fita, abin da ya rage a kwalbar kuma ruwa ne da wani ɗan gishiri wanda ba ya cire maiƙo kuma ba ya narkar da ɓawon ma'adini. Na ɓata kaya biyu masu amfani na samu abin da bai fi ruwan famfo da komai ba. Yanzu kowanne aikinsa daban: bekin soda da ɗan ruwa nake kwaɓawa in goge tukunyar da ta kama, domin garin yana kankare datti ba tare da ya karce ƙarfe ba, ruwan khal kuma ina sirka shi da ruwa daidai wa daida don gilashi da famfo. Ba na kai shi kusa da dutsen mabul, saboda asid yana cin irin wannan dutse ya bar tabon da ba ya gyaruwa, kuma kuɗin gyaran daɓe ɗaya ya fi duk abin da mutum zai tara a shekara.

Akwai wata dabara da ake yawan yaɗawa ta mayar da bekin soda ta zama sodar wanki, ta hanyar gasa ta a zafin digiri 200 na kimanin awa ɗaya. Dabarar gaskiya ce, domin zafi yana fitar da ruwa da iskar kabon daga cikin garin, ya bar sinadarin da ya fi ƙarfin cire maiƙo nesa ba kusa ba. Amma da na auna, sai na ga abin da ilimin sinadarai ya riga ya faɗa, wato giram 168 na bekin soda ba ya ba da fiye da giram 106 na sodar wanki, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin ya bi iska. Idan aka haɗa da kuɗin wuta ko gas na awa guda, duk wanda zai iya samun sodar wanki a shirye gara ya saya. Dalilin arhar tata ma tsohon labari ne: tun a 1791 Bafaranshe Nicolas Leblanc ya samu hanyar yin ta daga gishiri, sannan a shekarun 1860 Ernest Solvay na ƙasar Beljiyam ya fito da hanyar da ta fi sauƙi wadda masana'antu ke bi har yau. Babu yadda ɗakin girki zai yi gasa da su a wannan fanni.

Sabulu ne inda na fi daɗewa, kuma nan ne na fi shan wahala kafin in ga riba. Asalin aikin ba shi da wuyar fahimta: idan mai ya haɗu da soda mai ci, wadda ake kira kostik soda, sai su rikiɗe su zama sabulu da gilisarin. Masanin sinadarai na Faransa Michel Chevreul ne ya fayyace yadda hakan ke faruwa a binciken da ya wallafa a 1823, kodayake mutane sun shafe dubban shekaru suna yin sabulu kafin a san dalilin. Wahalar tana wurin awo, domin kowane mai yana da adadin sodar da yake buƙata. Kilo ɗaya na man zaitun yana cin kimanin giram 135, kilo ɗaya na man kwakwa kuwa yana cin kimanin giram 183, kuma masu wannan sana'a sukan rage kashi 5 cikin ɗari na sodar don a bar ɗan mai da zai sa sabulun ya yi laushi a fata. Ni kuwa a karon farko da kofi na auna, da ido na ƙiyasta, sabulun ya fito da kyan gani, amma wanki ɗaya na yi da shi tafin hannuna ya yi ja yana zafi har kwana uku. Yayata da ta ga hannun sai ta ce, “Ƙanwata, garin neman gira za ki rasa ido.” Washegari na sayi ƙaramin sikeli mai auna giram, kuma a cikin duk kayan da na saya don wannan aiki babu wanda ya mayar da kuɗinsa da sauri kamarsa.

Soda mai ci ba abin wasa ba ce. A kan ruwa ake zuba ta kaɗan-kaɗan, ba a taɓa zuba ruwa a kanta, domin haɗuwarsu tana haifar da zafi mai tsanani da zai iya sa ruwan ya yi tsalle ya fallatsa a fuska. Ana sa safar hannu da tabarau, a yi aikin inda iska ke ratsawa, a kuma nisanta yara. Ba a amfani da mazubin aluminiyam, saboda sodar tana cin sa tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa su ne daidai. Bayan an zuba a mazubi an yanka, sai a bar sabulun ya sha iska na mako 4 zuwa 6 kafin a taɓa shi, don ruwan jikinsa ya ragu ya yi tauri. Wannan jiran ne yake kawo ribar, domin busasshen sabulu yana daɗewa, ɗanye kuwa narkewa yake yi kamar ana korar sa. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka nakan haɗa sabon zubi tun na baya bai kai rabi ba.

Inda na ja da baya gaba ɗaya shi ne garin wanki na inji. Na gwada goga sabulu in haɗa da sodar wanki kamar yadda ake koyarwa, kuma a makonnin farko na yi ta murna, sai daga baya fararen kaya suka fara dushewa, tawul ya yi tauri ya daina shan ruwa. Dalili shi ne sabulu na gaske yana haɗuwa da kalsiyam da magniziyam da ke cikin ruwa mai nauyin ma'adini, su zama wani daskararren abu da ke manne wa zare da cikin injin. Garin wanki na kanti ba sabulu ba ne, sinadarai ne na daban da aka fara ƙirƙira a Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sa'ad da mai ya yi ƙaranci, kuma babbar fa'idarsu ita ce ba sa yin wannan daskarewa. A nan hanyar da na samu ta rage kashe kuɗi ita ce auna garin da cokalin awo maimakon zubawa da ka, da kuma jiƙa kaya masu datti sosai tun da dare. Haka nan ruwan sabulun wanke-wanke da na taɓa haɗawa da yawa don ya kai ni watanni, ya canza wari kafin in ci rabinsa, domin duk haɗin da ruwa ya yi yawa a cikinsa kuma babu sinadarin adanawa, ƙwayoyin cuta suna iya rayuwa a ciki. Yanzu na mako biyu kawai nake yi.

Bilic kuwa saye nake yi, abin da nake yi a gida sirkawa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari don goge wuraren da hannu ke yawan taɓawa, kuma idan bilic ɗin mai ƙarfin kashi 5 ne, ma'auni ɗaya a cikin ma'auni 49 na ruwa ya isa. Kwalba ɗaya ke nan za ta ba da hamsin, amma sirkakken bilic yana rasa ƙarfinsa da sauri, musamman a haske da zafi, don haka na yini ɗaya ake haɗawa. Sai an fara wanke wurin da sabulu kafin a shafa shi, domin datti yana cinye ƙarfinsa. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne haɗa bilic da ruwan khal ko wani asid, saboda iskar kulorin mai guba ce ke tashi, haka ma haɗa shi da amoniya. Wannan ne ya sa kowace kwalba a gidana take ɗauke da sunan abin da ke ciki da ranar da aka haɗa, kuma ba na zuba komai a kwalbar abin sha, don kada yaro ya gani ya ɗauka na sha ne.

Sauran kayan gida ba su buƙatar dogon bayani. Tsofaffin rigunan auduga da tawul da suka gaji nakan yanka su in ɗinke bakinsu su zama tsumman goge-goge, wanda ake wankewa a sake amfani da shi maimakon takardar da ake yarwa. Guntattakin sabulu nakan tara su a cikin ƙaramar jakar raga, su zama soso da sabulu a haɗe. Tsohon buroshin haƙori yana shiga tsakanin tayil da gindin famfo inda babu abin da ke kaiwa.

A shafin ƙarshe na littafin lissafina na ƙara wani layi da ban yi tunaninsa ba da farko, wato na lokaci. Zubin sabulu ɗaya yana cin mini kusan awa biyu idan aka haɗa da wanke kayan aiki, amma yana kai gidan watanni, don haka ya zauna. Ruwan goge gilashi da na bilic ba sa cin minti biyu, su ma sun zauna. Kyandir da na gwada sau ɗaya, na ga kuɗin kakin da lagwani sun kusa kai kuɗin na kanti, ga tukunyar da na ɓata, sai na ja masa layi. A wata mai zuwa ina so in gwada zubin da man kwakwa ya kai kashi 30 cikin ɗari, in ga ko kumfar za ta ƙaru ba tare da sabulun ya busar da hannu ba.