Asabar a Bamberg

Tun bayan sallar asuba na shirya, don Yaya ya ce jirgin ƙasan farko za mu bi. Mutumin Maraɗi ne, ya girme ni, shi ya karɓe ni ranar da na sauka garin Bayreuth na ƙasar Jamus, shi ya sa Yaya nake ce masa. Na ukunmu Bajamushe ne, abokin karatunmu, haifaffen Bamberg, wanda ya daɗe yana yi mana gorin ba mu taɓa taka garinsu ba.

Garin ba shi da girma, mutanensa wajen dubu 80 ne. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu ba su yi masa irin ɓarnar da suka yi wa Nürnberg da Würzburg ba, don haka tsohon gari yana nan da lungunansa da gidajensa, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1993.

Abin da ya fara tsayar da ni shi ne tsohon gidan majalisar gari. A tsakiyar kogin Regnitz yake, gada ta shiga ta cikinsa ta fita, wani ɓangarensa na katako ya leƙo kan ruwa. Abokinmu ya ce labarin da suka gada shi ne bishop ya hana mutanen gari fili, sai suka kakkafa turaku a cikin kogi suka yi ginin abinsu. An cika bangon da zane, a wani wuri kuma mai zanen ya sassaƙa ƙafar wani yaro ta fito waje daga jikin bango. Ba don an nuna min da yatsa ba, da na wuce ban gani ba.

Daga nan muka haura tudu zuwa babbar majami'a mai hasumiya huɗu. Sarki Heinrich na Biyu ne ya kafa kujerar bishop a garin a 1007, shi da matarsa Kunigunde suna kwance a ciki. Akwai kuma kabarin Paparoma Clemens na Biyu da ya rasu a 1047, kabarin paparoma ɗaya tilo a arewacin tsaunukan Alps. Ni dai mahayin dokin nan na dutse da ke jikin ginshiƙi na fi daɗewa a gabansa. Kusan shekara 800 ke nan yana riƙe da linzami, har yau masana ba su daidaita a kan ko wane ne ba.

Sai maganar giya, wadda ba yadda za a yi ka zo Bamberg ka kauce mata. Ni da Yaya ba ma sha, abokinmu ya sani, tun a jirgi ya tambaye mu ko za mu ji nauyin bi ta unguwar. Yaya ya ce, "Mun zo ganin garinku ne, nuna mana yadda yake." Da muka shiga lungun da gidan giyar Schlenkerla yake, ga mutane tsaitsaye a bakin titi, kowa da kofin gilashi cike da baƙin abu mai kumfa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ɗaga nasa, ƙaurin ya bugo ni, sak na bandar kifi.

Abokinmu ya yi mana bayani tiryan-tiryan. Sha'ir ake jiƙawa har ya yi tsiro, sannan a busar. A da, ko rana ko wuta ce ke busar da shi, don haka giyar wurare da yawa tana da ƙaurin hayaƙi. Da aka samo hanyar busarwa ba hayaƙi, kowa ya koma can. Gida biyu ne a Bamberg suka tsaya kan ta kakanni, Schlenkerla da Spezial, har yau da itacen bishiyar da suke kira Buche suke hura wutar. Ya ce tun a 1489 bishop ɗin garin ya kafa dokar abin da za a zuba a giya, shekara 27 kafin ta Bavariya da duniya ta sani. Duwatsun da garin ke kai ma duk an rarake su, a ramukan ake ajiye ganguna don sanyi, lokacin yaƙi kuma nan mutane suka fake.

Yana magana idonsa na ƙyalli, don kakansa a irin waɗannan gidaje ya yi aiki. Na ga mutumin da ke son mu san abin da danginsa suka iya, kuma ko sau ɗaya bai ce mu ɗanɗana ba. Wannan ya ƙara masa girma a idona ƙwarai. Ni ma ban ɓoye masa ba cewa addinina ya hana ni ita, kuma na ga gidajen da ta rusa. Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma ya gani.

Abincin rana sai da muka yi zaɓe, don albasar garin da ake ji da ita naman alade ake cusa mata. Muka ci soyayyen kifin karfen, wanda lokacinsa ne yanzu, da ruwan tuffa mai gas. Shi ma abokin namu ruwan tuffar ya sha, albarkacinmu.

Muka hau tudun Michelsberg muka samu gefe a kan ciyawa, muka haɗa azahar da la'asar, shi kuma ya zauna yana gadin jakunkuna. Daga can jajayen rufin garin duk suna ƙasa, har da layin gidajen masunta na bakin kogi.

A hanyar tasha muka ratsa unguwar masu lambu, inda har yanzu ake noman albasa da kayan miya a bayan gidaje, a tsakiyar gari. Duhu ya fara, ba mu ga komai sosai ba. Yaya, ɗan manomi, ya ce wannan unguwa ita ya kamata mu fara da ita, kuma ya sa abokinmu ya yi alkawarin dawo da mu idan sanyi ya wuce aka fara shuka. Na sayi burodin nan mai man shanu da suke kira Hörnla don karin kumallon gobe, muka kama jirgi.