Amanar Mai Ba da Maki: Wasiƙa daga Shikago

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina gaishe ku daga Shikago, da fatan kowa yana lafiya tare da iyali. Labarin wata kasuwa nake so in ba ku, wadda a nan Amurka ake zuba mata miliyoyin daloli, alhali hajarta ɗan kwali ne mai hoton ɗan wasa, ko tafin hannu bai cika ba. A Agustan 2022 an yi gwanjon katin Mickey Mantle na 1952, ɗan wasan besbol, aka saye shi dala miliyan 12.6. Masu son ƙwallon ƙafa kuma, a shekarar ce katin Pele na 1958 ya haura dala miliyan ɗaya.

Kuɗin nan duk a kan wata lamba suka rataya. Mai kati yana aika shi ga kamfanin tantancewa, irin su PSA da SGC da Beckett. Can za a duba ko na ainihi ne, a duba kusurwoyinsa huɗu, da gefensa, da fuskarsa, da ko hoton ya zauna a tsakiya. Sai a ba shi maki daga 1 zuwa 10, a rufe shi ruf cikin roba mai garai-garai da makin a sama. Tsakanin 8 da 9 farashi kan ninka ya sake ninkawa. A wajen baje kolin kati na ga wani dattijo ya kafa ƙaramin madubin ƙara girma a ido, yana karkata roba a ƙarƙashin fitila, yana bin kusurwa ɗaya da kallo har tsawon lokaci. Gefensa kuwa matasa ne suna saye da sauri, makin kawai suke karantawa. Wannan ne ya dame ni.

Domin katin farko da PSA ta fara ba wa maki, a 1991, yana da tabo. Katin ɗan wasan besbol Honus Wagner ne, cikin waɗanda kamfanin American Tobacco ke sakawa a kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911. Wayne Gretzky, gwarzon wasan hoki, da Bruce McNall suka saye shi dala 451,000, aka ba shi 8. A 2007 ya kai dala miliyan 2.8. Shekaru ana raɗe-raɗin an taɓa shi, sai a 2013 Bill Mastro, babban mai gwanjo, ya amsa a gaban kotun tarayya a garin nan cewa shi ya datse gefen katin don ya fito tas. A 2015 aka yanke masa wata 20 a kurkuku kan zamba, har da sa mutanensa su riƙa taya kaya na ƙarya don farashi ya hau. A ƙa'idar PSA kanta, katin da aka datse ba ya samun maki.

Ban ce aikin banza ba ne. Kafin zuwan kamfanonin nan, kowane mai sayarwa shi ke yabon kayansa, jabu kuma ya yi yawa. Amma mai tantancewa mutum ne, ido gare shi, yana gajiya. Shi ya sa wasu ke fasa robar su sake aika katin, ko a dace da wanda zai ƙara rabin maki, kuma wani lokaci suna dacewa. Sannan mai kati ne ke biyan kuɗin aikin, kuɗin kuma yana hawa gwargwadon darajar katin. Kamar dillalin da la'adarsa ke hannun mai saniya ne, aka ce shi kaɗai zai shaidi lafiyarta.

A 2024 kamfanin da ya mallaki PSA ya sayi SGC, idanun da ke zaman kansu suka ƙara raguwa. Abin da nake so in gani shi ne kowane tsohon kati mai tsada ya fito da rubutaccen dalilin makinsa, da awon tsawonsa da faɗinsa, da hotonsa kafin a rufe shi, yadda duk mai shakka zai iya bin diddigi da kansa.

A gaida mutanen gida.

Naku,
Ɗan'uwanku a Shikago