Awon damtsen yaro a damina

Duk mai binciken girman yara a ƙauyukan Zamfara, daga Anka zuwa Shinkafi, ya san watan Yuli da Agusta: rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, tamowa ta yi yawa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɓata awo.

Tef ɗin awon damtse, mai launin ja, rawaya da kore don gane tamowa, na yaro ne mai wata 6 zuwa 59. A lanƙwasa hannun hagu, a nemo tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, sannan a saki hannun ya miƙe kafin a zagaya tef. In aka matse, lafiyayyen yaro ya faɗa ja. In aka sassauta, mai tamowa ya wuce a kore. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, sai asibiti ranar. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya.

Kada a manta ƙafa. A danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa daƙiƙa uku. In rami ya zauna, kumburi ne, ko da uwa na murna ɗanta ya yi ƙiba. Wannan ma asibiti, ko tef ya nuna kore.