A bar yaro ya ga launi kafin a ba shi lamba

Yawancin yara a kan allo suke fara haɗuwa da asid da alkali. A ja musu layin pH, wato ma'aunin tsami, daga 0 zuwa 14, a sa 7 a tsakiya, a ce su haddace. Ni a ganina wannan layin shi ya kamata ya zo ƙarshe. Yaron da bai taɓa ganin ruwa ya juya launi a hannunsa ba, lambar ba ta da wurin zama a kansa.

Da jan kabeji nake koya wa nawa yaran. Su ke yayyaga ganyen da hannu, ni ke zuba tafasasshen ruwa, mu bar shi ya huce mu tace. Ruwan yana fitowa shunayya, kuma warinsa ba daɗi, gara a buɗe taga. Abin da ke ba shi launi wani sinadari ne, antosayanin, wanda siffarsa ke sauyawa gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki. Siffa ta sauya, hasken da yake sha ya sauya, ido ya ga wani launi dabam.

Sai mu jera kofunan gilashi a kan farar takarda, kowanne da ruwan kabeji kaɗan. Na farko ba mai taɓa shi. Wannan doka ce, don shi ne shaida. In ba shi, bayan an ɗan jima yaro zai rantse maka da ma can ruwan haka yake.

Kafin a ɗiga komai sai kowa ya faɗi abin da yake tsammani. Nan ne darasin yake, kuma nan ne mu manya muke yawan gaggawa. Da za mu matsa lemun tsami, ƙaramar ta ce ruwan zai koma rawaya, tunda ruwan lemun ma haka yake. Hujja ce mai kyau, ban gyara mata ba. Ɗigo ya sauka, wurin da ya taɓa ya yi ja, jan ya bazu kamar hayaƙi har kofin duka ya koma ruwan hoda. Ta ɗaga kofin tana kallon ƙasansa. "Mama, daga ina jan ya fito?" Na miƙa mata ruwan khal, ta ɗiga a kofi na gaba, shi ma ya yi ja. Da kanta ta ce, "Ashe masu tsami duk ja suke yi." Sai a sannan na ambaci asid.

Bekin soda ya mai da nasa shuɗi, garin sabulun wanki kuwa kore. Waɗannan su ne alkali, kishiyar asid. Kada a manta da sukari da gishiri, duk da cewa ba sa sauya komai. Yaro yana buƙatar ganin cewa ba kowane farin gari ke juya launi ba.

Abin da na fi so shi ne komawa da baya. A ɗauki kofin bekin soda, a riƙa ɗiga ruwan khal a hankali ana ƙirgawa. Zai yi kumfa, iskar kabon dayoksaid ce ke fita. Shuɗin ya dawo shunayya daidai da kofin shaida, in aka ci gaba ya wuce zuwa ja. Babban ya tsaya nan ya ce, "To in na ƙara soda zai koma?" Ya ƙara, ya koma. Ya gane cewa ɗaya na kashe ƙarfin ɗaya ba tare da na yi masa bayani ba.

Ilimin kansa ma ta wannan hanya ya bi. A 1664 Robert Boyle a Ingila ya rubuta yadda ruwan furen bayolet ke yin ja da asid, ya yi kore da alkali. Ma'aunin pH kuwa sai a 1909 Søren Sørensen ya kawo shi a Kopanhagen, ƙasar Denmak. Shekara 245 masana suna aiki da launi kafin lambar ta zo. Me zai sa mu fara wa ɗan shekara takwas da lamba?

Bayan an jera kofunan daga ja zuwa kore, sai a rubuta lambobin a takardar da ke ƙasansu: lemun tsami wajen 2, tsantsar ruwa 7, bekin soda 8 da 'yan kai. Wanda ya fi wayo a gaya masa kowane mataki ninki goma ne, wato mai 2 ya ninka mai 3 sau goma a tsami.

Kurkum ma yana aiki, amma rabin aiki. Da asid yana nan rawayarsa, sai ya haɗu da alkali yake yin ja mai duhu, shi ya sa tabonsa a riga ke ja idan sabulu ya taɓa shi.

Akwai abin da ba na ɗaga ƙafa a kai. Ba a ɗanɗana komai, ko lemun ne, don kada ɗanɗano ya zama hanyar gwaji. Ruwan batir da sodar haɗa sabulu ba sa zuwa kusa, suna ƙona fata da ido. Bilic kuma bai da amfani a nan, yana cinye launin ne gaba ɗaya, in kuma ya haɗu da ruwan khal yana fitar da iskar kulorin mai guba.

Ragowar ruwan kabejin ba ya daɗewa bai lalace ba. Muna jiƙa takarda mai shan ruwa a ciki, mu shanya a inuwa, mu yanka siri-siri a ajiye a ambulan. Da ita suka gwada man goge baki da sabulun wanka, kowa ya fara rubuta hasashensa a gefe kafin ya tsoma.