Ya rantse duk mata ne

Tun da yaran suka dawo hutu daga wajen kakarsu a ƙauye, magana ɗaya ce a gidan: su ma a saya musu dabba. Gidan haya muke a Kano, tsakar gidan siminti ce, taku kaɗan ka kai bango, don haka akuya da tunkiya ba su shigo lissafi ba. Kare kuwa ko a baki ba a kawo shi ba. Babban yaron, mai shekara 10, tantabaru yake so, ni kuma na san inda kiwon tantabara ke kai yaro a unguwarmu: hawan katanga, leƙen gidajen mutane, da rigimar "taka ta janye tawa". Mage ce zaɓina, ga tsafta ga maganin ɓera, amma Abbansu ya ce ba zai zauna yana cin tuwo ana ƙirga masa loma ba. Aku ya fi ƙarfin aljihunmu, kuma tsuntsu ne da kan wuce shekara 40 a duniya, ga shi tun 2017 aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ƙanwata ta kawo shawarar ɓeran Masar, Hajiya surukata ta kalli hotonsa a waya sau ɗaya ta ture, ta ce ba a gidan ɗanta ba. Haka muka tsaya a kan zomo.

Ban shiga da ka ba, sai da na yi tambaya. An gaya mini zomo ɗaya kaɗaici ke damunsa, maza biyu idan sun balaga sai sun yayyaga juna, mace da namiji kuma kowa ya san abin da zai biyo baya. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa Abbansu ranar da za su kasuwa shi da yaron: mata biyu. Har bakin ƙofa na bi su ina maimaitawa. A layin masu tsuntsaye suka samu wani da kejin zomaye, ya ɗauko 'yan ƙanana biyu da ba su daɗe da barin nono ba, ya kifa kowanne a tafin hannu, ya hura gashin gindin, ya ce, "Alhaji, wallahi duk mata ne, ni fa sana'ata ce." Abbansu ya biya. Farar yara suka sa mata Amarya. Mai ruwan tokar, saboda kullum tana kusurwa a ɗaure da fuska, ta zama Gwaggo.

Ɗokin yara bai yi nisa ba. Makonnin farko har faɗa ake a kan wa zai zuba ruwa, daga baya sai na yi ta kira kafin wani ya leƙa kejin. Duk uwar da za a ce mata "ai na yara ne, su za su riƙa kula", ta sani nata ne. Kashin zomo ba ya da wari sosai, har masu shuka na roƙa, amma fitsarinsa zarni ne da shi mai hawa kai, idan ba a wanke ƙarƙashin keji kullum ba maƙwabta ne za su fara sanarwa. Haƙoransa ba sa daina tsiro, dole ya yi ta gaguya, kuma ba ya bambance kara da wayar firji. Ba ya son ɗauka. Auta ta taɓa cafko Amarya ta kunne yadda ta ga ana yi a kasuwa, ta sha karta a hannu har jini. Kunnen na yi masa ciwo, kuma idan ya yi harbi da ƙafafun baya yana reto yana iya karya gadon bayansa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu, a manna shi a jiki. Duk wannan mun koya, kuma da a nan abin ya tsaya da ba ni da ƙorafi.

Cikin hunturu, wajen watan Janairu, na ga Amarya tana tsigar gashin ƙirjinta da baki, tana kwasar harawa tana zagaye keji. Na ɗauka ƙazuwa ce, na ce gobe a nemo mai magani. Da asuba 'yata ta tsakiyar ta shigo ɗaki a guje: "Umma, ɓeraye sun shiga kejin Amarya!" Na fita da tocila. 'Ya'ya ne guda 6, jajaye, tsirara ba gashi, idanu a rufe, a warwatse kan ragar waya, iskar hunturu na shiga ta ƙasa. Biyu sun riga sun sandare. Sauran na tattara su a kwalin taliya, na shimfiɗa gashin da uwar ta tsiga. Da mun san tana da ciki da an sa mata akwatin haihuwa tun kwana uku kafin nan. Amma wa zai yi wa mata biyu tanadin akwatin haihuwa?

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon malamin gona, shi na aika a kira. Ya ɗauko Gwaggo ya kwantar a cinya, ya buɗa gashin, ya nuna mini maraina biyu, dogaye, kwance a gefe da gefe. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "'Yata, wannan ai Baffa ne." Ya ce marainan zomo ba sa sauka sai ya kai wajen wata 3, kafin nan sai wanda ya ƙware, kuma ya natsu ya duba a haske: idan an danna a hankali na namiji yakan fito zagaye, na mace kuma tsaga ce da ta miƙe zuwa wajen wutsiya. A ɗan sati 5 ko 6 ko gwani yakan kuskure, balle wanda ya hura gashi sau ɗaya yana kallon aljihun mai saye.

Sai ya tambaye ni ko namijin ya kwana a kejin bayan haihuwar. Na ce ai yanzu ma a ciki ka ɗauko shi. Ya girgiza kai. "To ki fara ƙirga kwana 31."

Ashe zomanya ba ta da lokacin barbara kamar akuya. Hawan namijin ne ke sa ta saki ƙwai, don haka a ranar da ta haihu, a ranar tana iya ɗaukar wani cikin. Ya ce shi ya sa inda ake kiwo da ilimi, irin cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, ba a barin mace da namiji keji ɗaya. Ita ake kai masa, a gama a dawo da ita. Ya kuma gargaɗe ni kada yara su ga uwar ba ta shiga kwalin su ce ta ƙi 'ya'yanta. Sau ɗaya ko biyu take shayarwa a kwana, 'yan mintoci, galibi cikin dare. Da bai faɗa ba, da tuni ta tsakiyar ta ɗura musu madarar gari da cokali ta shaƙe su, don har ta dama. Wajen kwana 10 suka buɗe ido, gashi ya rufe su, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma na yi ta ɗaukar su hoto.

Lissafin dattijo bai kuskure ba. Na farkon ba su gama barin nono ba Amarya ta sake zubo 7. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Gidan da aka yi niyyar zomaye 2 ya wayi gari da 13, duk a kan rantsuwar mutum ɗaya.

Daga nan kuɗi suka fara fita ta ko'ina. Kafinta ya yi kejin Baffa, ya dawo ya yi na yaye. Rani ya shigo harawa ta yi tsada, don masu tumaki ma ita suke nema, dusa ma haka. Abbansu ya koma biyawa ta kasuwar 'Yankaba yana roƙon ganyen karas da ɓawon kabeji a buhu, mutumin da ko cefanen gida sai an yi da gaske. Ganyen ma ba a zuba shi haka: sai an wanke saboda feshin maganin ƙwari, a baza ya sha iska ya ɗan yi yaushi, don jiƙaƙƙen ɗanyen ganye kan sa ƙananan gudawa, gudawa kuma ba ta daɗewa take kashe su. Ranar da ɗaya ya fara, wata maƙwabciya ta ce in fasa kafson Ampiclox a ruwansu kamar yadda take wa kajinta. Allah ya sa na fara aikawa wajen dattijo. Ya ce kul, duk dangin fenisilin idan zomo ya sha ta baki ƙwayoyin cikinsa masu narka abinci yake kashewa, ya bi su. Ya kuma ce in daina sauraron masu cewa zomo ba ya shan ruwa, yana sha, mai shayarwa ma ta fi kowa.

Da na farkon suka doshi wata 3 dole aka sake rabawa, in ba haka ba wa zai hau ƙanwa, ɗa ya hau uwa. Wannan karon ni na duba da hannuna, a tsakar rana, ɗaya bayan ɗaya, dattijo na tsaye bai ce uffan ba sai da na gama. Ban kuskure ko ɗaya ba. Abin da bai ɗauke ni minti 10 ba, shi ne wancan mutumin ya kasa yi, ko ya ƙi yi.

Zafin Afrilu ne ya yi mana ɓarnar da ta fi ciwo. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwa yake rage zafi, ma'auni na haura 30 ya fara wahala, a Kano kuwa a watan nan 40 ba labari ba ne. Inuwar gidan ɗaya ce, gindin bangon kicin, kuma keji ɗaya take ɗauka. Da su biyu ne da ta ishe su. Keji na uku babu inda zai zauna sai bangon da rana ke duka bayan azahar. Wata rana na dawo daga aiki na tarar da 3 a miƙe, sauran suna haki baki a buɗe, hanci a jiƙe. Babban yaron ne ya haƙa musu rami a bayan gida, bai yarda kowa ya taya shi ba. Tun ranar nake rufa jiƙaƙƙen buhu a saman keji, ina sa robar ƙanƙara a ciki idan an samu wuta. Abin da ya fi aiki kuma shi ne 'yar randar ƙasa cike da ruwa. Sai ka ga sun jeru sun manna ciki a jikinta.

Sai maganar ragewa ta taso. A wajen Abbansu babu wani abin tunani: naman zomo halal ne, akwai hadisin Anas a kai, kuma shi a gidan kiwo ya tashi, inda duk abin da ka ciyar ƙarshensa kasuwa ko tukunya. Yara suna Islamiyya ya yanka biyu, na yi farfesu. Ta tsakiyar tana shigowa kejin ta nufa, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, sannan ta ga fata a kan igiya. Babu wanda ya taɓa kwanon a cikinsu. Abin haushin, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: da ubansu ana ta hira, ni da na dafa aka daina yi wa magana, gaisuwa ma a ciki-ciki. Mu muna ganin kiwo muke yi, su kuwa kowane ɗaya suna da sunan da suke kiransa. Wannan magana tun ranar saye ya kamata a yi ta a gaban yara, a faɗa musu ko na ci ne ko na zama. Idan na zama ne, a sani zomon da aka kula da shi yana kai shekara 8 ko fiye, wato mai shekara 10 zai gama sakandare yana nan.

Masu tambayata yanzu ina ce musu kada su sayi ɗan ƙarami don kyansa. A sayi wanda ya wuce wata 3, wanda ido zai gani, a tafi da wanda ya sani kuma ba shi da riba a cinikin. Idan mace ce babba da ta fito daga kejin haɗaka, a ɗauka tana da ciki har sai wata ya wuce. Ƙanwata da ta bi shawarar kanta ta sayi ɓeran Masar hankalinta kwance: cikinsa ya haura wata 2, 'ya'ya 2 zuwa 4, suna fitowa da gashinsu ido a buɗe, ba ya harbi, yaranta na ɗaukarsa ba karta, sai dai yana bukatar ɗanyen ganye kullum. Ni dai har gobe ina nan a kan mage.

Baffa mun aika shi ƙauye, wasu mun raba wa 'yan uwa, muka bar Amarya da 'yarta ɗaya. Ragowar Abbansu ya sa a kwali ya mayar kasuwa, wajen mutumin nan dai. Da ya ba shi labari ko a jikinsa, cewa ya yi, "Alhaji, ai albarka ce, wasu nema suke ba su samu ba." Ya taya su a ƙasa da rabin abin da ya sayar mana da iyayensu, ya zuba su a kejin da ya ɗauko na farko. Abbansu na tsaye yana ƙirga canji wani bawan Allah ya zo da 'yarsa riƙe da hannu, mutumin ya ɗauko ƙanana biyu, ya kifa, ya hura, ya fara wallahi. Na tambayi Abbansu ko ya ja mai sayen gefe ya gaya masa. Ya ce kunya ce ta hana shi, wai a gaban mai kaya. Na ce to ranar Asabar ni zan raka shi kasuwar.