Wai ni zan rantse wa na'ura cewa ni mutum ne

Jiya da daddare sau uku ina zaɓen hotunan danja kafin a bar ni in shiga akawun ɗina, sau ukun kuma ana cewa in sake. Hoton an raba shi gida-gida, akwai wani gida da ƙarfen danjar ya ɗan leƙo ciki kaɗan, na tsaya ina shawara da kaina ko shi ma a danna shi, ni da akawun ɗina fa.

Duk wannan wahalar saboda bot ne, ƙananan manhajojin nan da ake saki su yi ta yawo a intanet suna cike fom, suna buɗe akawun na bogi, suna watsa tallan magani da caca da linkin 'yan damfara, ba barci ba gajiya. Mai su bai damu ba ko mutum dubu sun yi tsaki sun goge, tunda turawar kusan kyauta ce, mutum ɗaya ya danna ai ya mayar da uwar kuɗinsa. Kuma abin ba yau ya fara ba, tun 1978 wani Gary Thuerk na kamfanin DEC ya tura tallan kwamfuta ga mutane wajen 400 a ARPANET, kakar intanet kenan. A 2004 Bill Gates ya ce nan da shekara biyu an gama da spam, wato irin waɗannan saƙonnin talla da ba ka nema ba. To ga mu nan dai.

Shi gwajin da ya hana ni shiga sunansa CAPTCHA, Luis von Ahn da abokan aikinsa na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ne suka raɗa masa sunan a farkon shekarun 2000, lokacin karkatattun haruffa ake nuna maka ka rubuta. Gaskiya akwai inda na sara wa mutumin. A 2007 ya fito da reCAPTCHA, kalma biyu za a ba ka, ɗaya na'ura ta san amsarta, ɗayar kuma daga tsohon rubutu aka ciro ta wanda aka ɗauki hotonsa amma kwamfuta ta kasa karantawa, idan mutane da yawa suka rubuta abu ɗaya shikenan an gano kalmar, da haka aka juye tsofaffin fitowar jaridar New York Times zuwa kwamfuta, mu muna ta aikin ba mu ma sani ba. Google ya saye shi a 2009, sai aka koma lambobin gidaje, sai motoci da gadoji da danjata ta jiya.

Abin haushin shi ne yanzu na'ura ta iya gane hoto, wani lokacin har ta fi ni sauri. Inda ta kasa kuma akwai masu ɗaukar mutane aiki su zauna suna warware gwajin a madadin bot ɗin. Wato ɓarawon ya wuce abinsa, mai gida ne a tsaye a bakin ƙofa ana bincike masa aljihu. Balle makaho ko dattijon da idonsa ya yi rauni, wai an ba su na murya, ka taɓa sauraren abin nan kuwa?

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta tarko. A fom ɗin sai a saka wani gurbi a ɓoye shi yadda idon mutum ba zai gan shi ba, shi bot ba da ido yake aiki ba, kod yake karantawa, wato rubutun da aka gina shafin da shi, duk gurbin da ya samu cikewa yake, yana cike wannan ɗin ya tona wa kansa asiri. Wasu kuma lokaci suke dubawa, wanda ya cike dogon fom cikin sakan ɗaya ai ba ɗan adam ba ne. Ba ta kama masu wayon cikinsu, na yarda, amma dai ni ba ta taɓa tambayata wane hoto ne ke da keke ba.

A karo na huɗu na danna gidan ƙarfen, ya bar ni na wuce.